Gawo Ba Ya Cikin Jeri

Ranar Laraba Sadisu ya ɗora mini ita a Gombe.
Ya ce, "Jaririya ce, ko ragon suna ba a yanka ba.
Ki kai ta Bajoga, garken Bappa Gidado,
duk inda ta yi tuntuɓe ki rubuto mini."

Na isa da hantsi, kwamfuta a jaka, sikeli a bayan babur.
Bappa na kan turmi yana tufkar igiya.
Na ce, ga manhaja, cikin dabba take lissafawa:
abin da zai zama nono, abin da zai zama tsoka,
da wanda zai fita taki.
Ya ce, "Ta taɓa kiwo?"
Na ce, a'a.
Ya ce, "To, bismilla."

Da Balami muka fara, ragon da ake turke wa layya.
Kilo arba'in da ɗaya, ɗigo biyar.
Na shigar, ɗigo ya ɓace a hanya.
Allo ya ce ɗari huɗu da goma sha biyar,
a ba shi buhun dusa kullum, harawa dami shida.
Bappa ya dubi rago, ya dube ni.
"Tambaye ta, ko giwar Yankari ta hango?"
Na rubuta: kuskure na ɗaya, ɗigo.

Sai farar Bunaji mai maraƙi a gindi.
Manhaja ta ce, me take ci?
Na buɗe jeri, ciyayi ne da harshena ke sarƙewa a sunansu,
ciyayin ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa.
Angurya, akwai.
Karan dawa, akwai, can ƙasa.
Kowar wake, babu.
Na nemi gawo.
Gawon da ke zubo 'ya'ya a tsakiyar rani
sa'ad da makiyaya ta koma tamkar tafin hannu,
wanda ya riƙe garken nan tun ba a haife ni ba,
ba ya cikin jeri.

A zatonta saniya wuni take a inuwa, kwano a gaba.
Ina zan sa tafiya zuwa bakin Gongola da dawowa?
Ina gurbin ƙuda, ina na kaska,
ina na ƙwaryar da Inna Dudu ke tatsa kafin maraƙi ya kama?

Ina cikin rubutu, Kyalla, jar akuya,
ta yagi gefen littafina ta tauna,
kuskure na bakwai da na takwas suka bi maƙogwaro.
Bappa ya yi dariya har igiya ta faɗi.
"Wannan abincin fa, yana cikin jerin?"

Da la'asar sakaliya muka zo kan wata Uda,
ramammiya, haihuwarta biyu ba su tsaya ba.
Na zuba duk abin da take samu, har ɗan guntun kanwa.
Allo ya yi ja a layi guda:
cikinta na cika, amma sinadarin ƙashi ya gaza.
Bappa bai yi dariya ba.
Ya daɗe yana shafa wuyanta.
Ya ce, "Wata uku ina ganin tana gwaguyar tsohon ƙashi a juji.
Na san tana neman wani abu,
sunansa ne ban sani ba."

Ya kira jikansa, ya nuna masa gindin bishiya.
Yaro ya tsinto 'ya'yan gawo rabin buhu.
Bappa ya ɗaure bakin da igiyar da ya wuni yana tufkawa.
"Kai wa yaron nan ya auna, ya koya mata.
In ta iya, ku dawo da damina,
akwai wasu ganyayen."

Na kamo hanyar Gombe bayan magariba,
kurakurai goma sha bakwai a jaka, ban da biyun cikin Kyalla,
buhu a bayana yana kacau-kacau a kowane rami.